Motar da Ta Kunna Sigina

An tsinci Anti Keke da sassafe a bakin kwata, kusa da tulin yashin da hukuma ta zube shekarun baya don gyaran magudanar ruwa, ta tafi nemo siminti har yau ba ta dawo ba. Hannunta na dama ya karye, gefen fuskarta ya goge, jakar aikinta ta fashe, auduga da almakashi da safar hannu sun watse a titi. Keken yana can gefe, ƙafar bayansa ta murɗe kamar tsumman da aka matse. Motar da ta yi wannan aiki ba ta tsaya gaisuwa ba.

Ungozoma ce a asibitin unguwa. Rabin yaran layin ita ta fara ganin fuskarsu kafin iyayensu mata su gani. Wannan bai hana layin yanke mata hukunci ba tun kafin a gama ɗaure mata hannu. Waɗanda suke barci lokacin da abin ya faru su suka fi kowa ganinsa dalla-dalla: ita ta karkato tsakiyar titi, ita ba ta duba ba, kuma dama mace mai shekarunta me take nema a kan sirdi? 'Yan sanda sun zo, sun auna wurin da ido, sun ce mota ce da ba a sani ba, suka koma da wannan gagarumin sakamako.

Ciyaman na ƙungiyar mazauna layi, tsohon ɗan kasuwar kayan gini mai tumbi da murya, ya zo dubiya da lemo a leda.

“'Yata, ƙaddara ce,” in ji shi. “Na shekara talatin ina tuƙi, na san yadda mai keke yake faɗo wa mutum kamar daga sama. Ko wane ne direban nan, ba shi da laifi. Ranar Asabar za mu zauna a makaranta mu tsayar da magana, a daina yawo da keke a layin nan, musamman iyaye mata. Don lafiyarku ne.”

“Na gode da lemo,” ta ce.

Da ya fita, mijinta Tela ya matso da kujera. Mutum ne mai son zaman lafiya, har ma da lafiyar da ba ta son zama da shi.

“Kin ji dai. Ni na gaji da nuna ni da baki. In taro ya ce laifinki ne, keken nan ya ƙare. Zan sayar wa 'yan gwangwan.”

“In haihuwa ta taso a bayan gada fa? In tafi da ƙafa, in tarar yaro ya shiga firamare?”

“Ki nemi canjin aiki.”

“In kuma ba laifina ba ne?”

Tela ya yi tunani, ya ga babu hatsari a alkawarin. “Ni zan riƙa busa miki iska a taya kullum da safe.”

“Riƙe maganarka da kyau. Yanzu tashi ka kira min Kawu.”

*

Kawu Gandu yayan mahaifiyarta ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gandun daji yana bin sawun ɓarayin namun dawa, ya yi ritaya ya dawo birni inda babu wanda ya tambaye shi komai. Ba shi da tawali'u, kuma bai taɓa jin rashinsa ba. Idan ka gaishe shi, takalminka yake amsa wa.

Ya iso wurin da hantsi, Tela na biye da shi da lema. Jama'a sun riga sun tattake inda ta faɗi, kowa ya zo ya tsaya daidai kan shaida ya yi alhini. Kawu bai ko kalli wurin ba. Ya wuce gaba kaɗan, inda ruwan saman jiya ya kwaso yashin hukuma ya shimfiɗa a gefen titi.

“Karon farko da yashin nan ya yi wa al'umma aiki,” ya ce, ya durƙusa.

Ya daɗe. Ya koma baya ya bi layin taya, ya dawo, ya zagaya wani fili da babu komai kamar akwai mota a tsaye.

“Surukina, zo ka ga. Motar ta shigo tana tangaɗi kamar ta sha wani abu. Nan ta ɗauki 'yarmu. Nan aka take birki, taka ɗaya, mai kyau. Nan ta tsaya. Mutum biyu suka fito. Mai nauyi, da faffaɗan takalmi, ya fito ta ɓangaren direba. Siriri, da kambas, ya fito ta ɗaya ɓangaren.”

“Sun zo duba ta ke nan.”

“Ko taku ɗaya ba su yi wajenta ba. Ta gaban mota suka zagaya, suka yi musayar kujera. Dubi yadda ta tashi kuma, santal, kamar an ja da rula. Wanda ya shigo da motar nan bai iya tuƙi ba. Wanda ya fita da ita ya iya har ya yi yawa.”

Ya nuna sawun mai nauyin. A dugadugan hagu akwai wani faci mai siffar jinjirin wata, da kan ƙusoshi a jere, aikin mai gyaran takalmi. Kawu ya ari bahon da mai facin bakin layi yake gwada tayoyi a ciki, ya zubar da ruwan, ya kife a kan sawun, ya ɗora dutse.

“Duk wanda ya taɓa bahon nan,” ya gaya wa mai faci, “ka duba min ƙafarsa.”

“Baba, da me zan yi aiki?”

“Da kunne. Iska tana da ƙara.”

*

Layin bai zauna jiran Kawu ba. Tunda an gama da laifin, saura a samo direban don cika labari, sai aka samo Ɗan Burodi, matashin da yake rarraba burodi da wata farar mota mai lotsattsen gaba. Kawu ya tarar da shi a bayan gidan burodin, ya jingina da motar, wasu matasa sun kewaye shi suna taimaka masa ya tuna.

“Wallahi Baba ban bi ta layin ba yau,” in ji shi. “Anti ce ta karɓi haihuwar matata. Zan buge ta in gudu?”

“Mutane sun yi abin da ya fi haka. Matsa.”

Kawu ya sa yatsa a cikin lotsawar. Tsatsa ta biyo yatsan, gizo-gizo ya fito a fusace daga gidansa. Ya sunkuya ya shafa tayoyin ɗaya bayan ɗaya.

“Wannan ciwon ya girmi aurenka. Tayoyin nan kuma sumul suke kamar ƙwai, ko a kan kwaɓaɓɓen fulawa ba za su bar zane ba. Motar da nake nema tayoyinta sababbi ne.” Ya miƙe yana riƙe da ƙugu. “Yau sun wanke ka. Wata rana su za su kashe ka. Ku kuma ku watse, kun tsaya min a haske.”

A hanya Tela ya kawo nasa ɗan takarar: ɗan mai kemis, wanda yake tsere da motar ubansa shi da abokinsa.

“Yaushe yaron yake tashi daga barci?”

“Wajen azahar.”

“To ka bar shi. Lalacinsa ya cece shi.”

*

Anti Keke tana zaune a gadon asibiti, hannu cikin filasta, tana ba wata sabuwar ma'aikaciya umarni a kan majinyaciyar gadon kusa.

“'Yar ƙanwata, me kika gani?”

“Farar mota.”

“Rabin garin nan ke nan. Lamba?”

“Kawu, ina cikin kwata.”

“Me kika ji?”

Ta rufe ido. “Ina gefena, ko inci ban karkata ba. Sai na ji inji a bayana ya yi wani irin kuka, kamar an taka wutsiyarsa. Sai ƙasa. Sai ƙofofi, an buɗe, an rufe. Wani yana cewa, ‘Na shiga uku,’ wani yana cewa, ‘Zagayo, zagayo.’ Muryoyin ƙasa-ƙasa, ban gane su ba.” Ta buɗe ido. “Akwai abu ɗaya, amma za ka ce buguwa ce.”

“Faɗi. Ni zan yanke.”

“Kafin motar ta tashi, ta kunna sigina. Ina kwance ina kallon fitilar tana ƙyaf, ƙyaf, ƙyaf. Ta ɗan jira, sannan ta hau titi. Babu kowa a layin daga ni sai wata kyanwa.”

Kafaɗun Kawu suka fara rawa. Tela, wanda bai taɓa ganin dariyarsa ba, ya zaci tari ne ya miƙo ruwa.

“Surukina, tun da kake a garin nan, ka taɓa ganin direba ya kunna sigina?”

Tela ya yi iya ƙoƙarinsa. Direbobin garin suna ɗaukar wannan ɗan ƙarfen siginar da ke gefen sitiyari a matsayin marataya, wasu leda suke rataya masa, wasu makullin gida. Mai son juyawa juyawa yake yi, sauran jama'a su samu labari daga baya.

“Sau ɗaya,” in ji shi. “Amma ina jin kuskure ne, hannunsa ya taɓa.”

“Mutum ya buge mace, yana gudun ceton ransa, ya tsaya ya nemi izinin kyanwa kafin ya hau titi. Wannan ba shi ya kunna ba, hannunsa ne ya saba. Wane ne yake zama a kujerar fasinja, ya iya tuƙi fiye da direba, kuma yana da birki a ƙarƙashin ƙafarsa?”

Anti Keke ta riga mijinta. “Mai koyar da tuƙi.”

“Jinin gidanmu,” in ji Kawu. “Kai kuma ka ci gaba da ɗinki.”

“Ka biya ta wurin mai faci,” ta ce wa Tela. “A sa wa keken sabuwar ƙafa kafin Asabar.”

“Ba a yi taron ba tukuna.”

“Shi ya sa.”

*

Bayan kwana biyu Kawu ya leƙa makarantar tuƙi. Ɗaki ɗaya ce a ƙarshen kasuwa, bango cike da zanen alamomin hanya waɗanda babu ko ɗaya daga cikinsu a titunan garin. Mai ita, wanda ɗalibansa suke kira Malam Ribas, siriri ne, riga a soke cikin wando, kambas fari tas a ƙafa. Farar motarsa tana waje an wanke ta har ƙarƙashi, allon makaranta a ɗaure a samanta, bambar gaba tana ƙamshin sabon fenti.

“Baba, koyo za a yi?”

“A shekaruna? Akwai tsofaffi masu koyo ne?”

Malam Ribas ya gyara biro a aljihu. “Ilimi ba shi da shekaru.”

“Shekaranjiya da sassafe wa ka fita da shi?”

“Ba ni da ɗalibin safe.”

“Fentin fa?”

“Ina kula da motata.”

“Na gani.” Kawu ya gama kallon kambas ɗin a tsanake. “Ranar Asabar akwai taro a kan tsaron hanya. Ana son masani ya yi jawabi. An ce duk garin nan babu kamarka.”

Malam Ribas ya san ya kamata ya ce yana da uzuri. Amma shekara da shekaru yana jiran wani ya faɗi wannan jimla.

*

Ranar Asabar Kawu ya riga kowa zuwa makarantar yaran layin. Ya kwaso yashin hukuma a buhu, ya baza a ƙofar ajin da za a yi taron, ya yayyafa ruwa, ya share da tsintsiya. Ya ce wa maigadi don santsi ne. Sannan ya sa kujera a bakin ƙofa ya sunkuyar da kai. Masu shiga suka riƙa rage murya, tsoho yana gyangyaɗi.

Manya suka matse a bencin yara, gwiwa a haɓa. Ciyaman ya tsaya gaban allo ya yi bayani mai tsawo a kan ƙaddara, da haƙuri, da mutuncin mace, da shekarunsa talatin a kan sitiyari. Yana gab da cewa a ɗaga hannu sai aka ji ƙararrawar keke.

Anti Keke ta shigo tana tura kekenta da hannun hagu, sabuwar ƙafa tana walƙiya. Ta wuce tsakanin bencina, ta kafe shi a gaban allo kusa da Ciyaman, ta zauna a teburin malami.

“'Yata, ba a shigo da keke aji.”

“Shi ake wa shari'a, Ciyaman. Ya zo ya ji da kunnensa.”

Kawu ya taso daga bakin ƙofa yana jan ƙafa.

“Kafin a ɗaga hannu, ina da gajeren labari. Na gano motar. Ga mai ita can, Malam Ribas.” Ajin ya juya gaba ɗaya, bencina suka yi ƙara. “Kada ku taɓa shi, abin tausayi ne. Na karanta sawunsa. Ban taɓa ganin tuƙi mai muni irin wannan ba. Mota tana tangaɗi a miƙaƙƙen titi. Mace tana gefenta, hanya fetal, ya rasa inda zai bi sai kanta. Mutumin da bai san birki da totur ba. Wannan ne yake karɓar 'ya'yanku yana koya musu.”

Malam Ribas ya miƙe.

“Baba, ka janye.”

“Wanne daga ciki?”

“Ban san birki da totur ba? Ni?”

“Haka ƙasa ta ce.”

“Ƙasa ta yi ƙarya. Wa ya tsayar da motar? Ni na take birki daga nawa ɓangaren, in ba haka ba da yanzu zaman makoki kuke yi. Ina ce masa birki, birki, yana danna totur kamar yana kashe kunama. Wata biyu ina fama da shi, har yau bai san hagunsa ba. Tun da nake ban taɓa goge ko madubi ba, a zo a ce ni—”

Ya tsaya. Ya ji abin da ya faɗa a daidai lokacin da kowa ya ji.

“Wa kake ce wa birki?” in ji Anti Keke.

Malam Ribas ya dubi allo, ya dubi silin, ya dubi ko'ina ban da wuri ɗaya. Ajin kuwa wurin nan ɗaya ya duba.

“Wannan shirme ne,” in ji Ciyaman. “Ni da na shekara talatin—”

“A kujerar baya,” in ji wata tsohuwa daga ƙarshen aji. “Tun da direbanka ya koma garinsu motarka take ‘wurin makanike’.”

“Ba sai an yi musu ba,” in ji Kawu. “Wanda ya fito daga kujerar direba yana da faci a dugadugan hagu, kamar jinjirin wata. Sawun yana nan a ƙarƙashin bahon mai faci, kowa ya je ya gani. Ɗan'uwansa kuma yana nan a bakin ƙofa, an taka shi ɗazu. Ciyaman, ɗan ɗaga mana ƙafa. Ta hagu. Malam, nuna masa wacce ce.”

Ciyaman bai ɗaga ba. Ya ja ƙafar baya a hankali ya ɓoye ta bayan ɗayar, abin da ya fi ɗagawar bayani.

“Shi ya ce in cire allon makaranta daga saman mota,” in ji Malam Ribas, murya ta mutu. “Ya ce mu riƙa fita kafin gari ya waye sosai, kada a gan shi yana koyo. Da abin ya faru na ce mu ɗauke ta. Ya ce in aka gan shi ya mutu.”

“Sai kuka bar ni in mutu a madadinsa,” in ji Anti Keke. “Amma ka kunna sigina. Na yaba.”

Ciyaman ya matso kusa da ita, ya sauke muryarsa zuwa inda yake zaton ba a ji.

“'Yata, ni uba ne a wurinki. A rufa wa juna asiri. Duk abin da ake bukata na magani—”

“Ciyaman, asirin gidajen layin nan kaf a hannuna yake, har da naka, ban taɓa buɗe baki ba kuma ba zan buɗe ba. Wannan ba asiri ba ne. Hannuna ne.” Ta ɗaga filastar. “Ka buge ni, na ce tsautsayi. Ka gudu, na ce tsoro. Amma ka kawo min lemo ka ce laifina ne. Ofishin 'yan sanda za ka je ka faɗa da bakinka, kai da malaminka. Ku tafi da ƙafa. Kada ka tuƙa.”

Ɗan Burodi ya ce zai raka su, don kada su ɓata. Wasu da dama suka ga ya dace su ma su raka, galibi waɗanda suka ga komai dalla-dalla tun ranar farko, kuma yanzu suka tuna cewa dama sun yi zargin haka. Ba a ɗaga hannu a kan batun keke ba. Babu wanda ya tuna a wurin wa ajandar take.

*

A harabar makaranta Anti Keke ta matsa tayar baya da babban yatsa.

“Maigida, ta yi sanyi.”

“Sabuwa ce fa.”

“Ta yi sanyi.”

Tela ya dubi jama'ar da suka rage, ya dubi Kawu, ya ga babu mai ceto. Ya ciro famfo daga jikin keken, ya tattare riga, ya durƙusa.

“Likita ya ce kada ki hau sai an cire filasta,” ya ce yana bugawa.

“Likitan ni na karɓi haihuwarsa.”

Ta hau. Keken ya ɗan yi tangaɗi, ta daidaita shi da hannu ɗaya, ta fita ta ƙofar makaranta, ta bi gefenta na titi, ta wuce tawagar Ciyaman ba ta ko juya ba, ta wuce tulin yashi, ta wuce mai faci da yake tambayar ko yanzu zai iya ɗaukar bahonsa.

A mahaɗar ƙarshen layi babu mota ko ɗaya. Ta miƙa farin hannun nan mai filasta, ta riƙe shi a sama har kowa ya gani, sannan ta juya.